Ƙanwar Aro

Sunansa Nata'ala.

Yau ina iya faɗinsa a gaban kowa. Da can kuwa, ko ni kaɗai ce a ɗaki, ban taɓa bari ya fito daga bakina ba. Haka muka tashi a Zongon Lome, yarinya ba ta kiran sunan wanda za ta aura. Tun ranar da Babana, Malam Yacouba mai goro, ya ce wa mahaifiyarsa, "Na ba shi Rukayya, in ya gama karatu a ɗaura," sunan ya haramta a bakina. Mai Biro nake ce masa, don kullum da biro a bayan kunnensa kamar kafinta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Ni a aji huɗu na bar lakwal, wato makarantar boko, shekarar da uwata ta rasu, aka kai ni koyon ɗinki. Shi ya ci gaba. Ubansa ɗan dako ne a tashar manyan motocin da ke zuwa Yamai ta Nijar, a nan ƙarfinsa ya ƙare har ya koma ga Allah. A duk zuriyarsu ba wanda ya taɓa taka ƙofar jami'a. Ranar da ya ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, mahaifiyarsa Inna Ma'u ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Bayan guɗar sai gida ya yi shiru. Ba wanda ya san yadda ake shiga jami'a, balle yadda ake zama a cikinta.

Wani malaminsa ne ya kai shi wata ƙungiya a unguwar Totsi, masu taimakon ɗaliban da su ne farkon shiga jami'a a gidajensu. Sunanta na Faransanci ne mai tsawo, mu dai 'Yan Fari muke ce mata. Suna ba da littattafai da kuɗin hawan zemijan, wato babur na haya, suna haɗa kowane ɗalibi da wani babban mutum da zai riƙa duba shi kamar uba. Amma suna da sharaɗi: dole wani daga gida ya riƙa zuwa taron iyalai duk wata, don mutanen gida su san abin da yaronsu yake ciki.

Inna Ma'u tana fama da gwiwa, kuma ko gaisuwa ba ta iya yi da Faransanci. Sai ta aiko aka kira ni.

"Ke za ki riƙa zuwa, Rukayya. Kina jin yaren Mina, kina ɗan tsintar Faransancin."

"Inna, in sun tambaye ni ni wace ce a wurinsa fa?"

"Ki ce ƙanwarsa."

Na ɗago kai na dube ta.

"Kar ki zuba mini ido. Mutanen nan in suka ji yana da mata a ajiye, cire shi za su yi. Matar Mamadou mai nama ta ce haka aka yi wa wani yaro a garinsu. Kuma ke, da bakin nan naki za ki buɗe ki ce wa baƙi, ni ce wadda zai aura? Ina kunyar taki?"

A nan ta kama ni. Ko da wuƙa a wuyana ba zan iya faɗin wannan maganar a gaban mutane ba.

Ranar farko, shugabar ƙungiyar, Madam Djamila, wata doguwa mai gilashi a rataye a wuya, ta tare mu a ƙofa da fara'a. Ta tambaye shi wa ya zo da ita. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙanwata ce."

A hanyar komawa ya yi ta dariya.

"To ƙanwata, daga yau sai ki riƙa ce mini Yaya."

"Allah ya kiyaye. Mai Biro kake, Mai Biro za ka tsufa."

"Ba ki da ladabi, wallahi. Zan kai ƙararki wurin Madam."

"Ka kai. In ta tambaye ni, in ce mata kai ne kake satar mini ƙosai ta kan katanga."

Muka yi ta dariya har ɗan zemijan ya waiwayo. Wasa muka ɗauke shi a lokacin.

*

Ban taɓa fashin taron nan ba. A ƙarshen benci nake zama, da mayafina, ina sauraro da duk kunnuwana. A nan na san cewa shekarar jami'a kashi biyu ce, kuma wanda ya faɗi wani fanni ba korarsa ake yi ba, akwai jarrabawar ceto. A nan na ji cewa in ɗalibi ya kwanta da rana ba lalaci ba ne. Madam Djamila takan ce, "Kar ku aike su kasuwa lokacin jarrabawa. Kar ku ce musu, kai da kake jami'a ba ka san wannan ba? Su ma tsoro suke ji, ba sa faɗa muku ne."

Duk abin da na ji, in na dawo sai in zauna in juye wa Inna Ma'u da Hausa. Ni na hana mutanen unguwa tara masa takardun asibiti da na kotu ya karanta musu ana gobe jarrabawa. Har gaba wasu suka yi da ni. Keken ɗinkina da ke jikin katangarsu na janye shi zuwa zaure, don ƙararsa kar ta dame shi.

A ƙarshen shekarar farko ya faɗi fanni biyu. Na same shi a bayan masallaci, ya ce ya gama, zai bi mota zuwa Yamai ya zama yaron direba.

"'Ya'yan masu gilashi ne ke wurin nan, Rukayya. In malami ya yi barkwanci kowa ya yi dariya, ni sai na dawo gida nake gane abin da ya ce."

"To ka yi dariyar a gida. Ni zan taya ka."

"Ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Madam ta ce rabin 'Yan Fari sai sun yi jarrabawar ceto. Tashi ka wanke fuskarka, mutane na kallonmu."

Ya tashi. Ya yi, ya ci.

A shekara ta biyu ne abin ya fara juyawa. Wata Asabar wata mata ta miƙe a taro, da jariri a bayanta, ta ce mijinta ne ɗalibin, kuma ba ta san yadda za ta hana yaron kuka ba in yana karatu. Na ce shi ke nan, ta tona wa bawan Allah asiri, yau za a kore shi.

Sai na ji ana tafi. Madam Djamila ta karɓi jaririn ta rungume.

Da aka tashi na lallaɓa wurinta.

"Madam, ashe mai mata ba a cire shi?"

"Cirewa? Wa ya gaya miki haka? Ai mu matan muka fi son gani, su ne suke tare da su kullum."

Ban san lokacin da na isa Zongo ba. Na tarar da shi yana wanke rigarsa a bakin rijiya, na gaya masa ina haki. Na zaci zai yi tsalle.

Ya ci gaba da cuɗa rigar.

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Amma duba, Rukayya, mun daɗe muna ce musu ƙanwa. Mushe Abdel ba abin da ya tsana kamar ƙarya. Ranar nan a gabana ya sallami wani yaro don ya ce ba shi da lafiya alhali ƙwallo ya je. In na je yanzu na ce masa..."

Mushe Abdel, wato Malam Abdel a bakin masu Faransanci, shi ne uban riƙon da ƙungiya ta ba shi. Babban akanta ne a wani kamfanin fiton kaya a bakin teku, gidansa a unguwar Djidjolé. Shi ya yi masa alkawarin wurin koyon aiki.

"Bari in samu wurin nan tukuna," in ji shi. "Da na shiga zan faɗa."

Ya shiga, bai faɗa ba. Ya ce a bari ya saba da su.

*

Akwai wani Zulkifli, mai shagon kayan gyaran mota a bakin titi, da ya daɗe yana aiko wa Baba gaisuwa. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. Baba ya sallame shi tun farko, ya ce ya riga ya ba da magana. Da ya sake dawowa ina zaure ina ɗinki, ina jin su ta labule.

"Malam, ba don in ɓata kowa ba. Amma wanda ka ba wa ita, a Totsi ƙanwa yake ce mata. Ɗan zemijan ɗin da ke kai ta ne ya gaya mini. Ni kuwa a gaban duk Lome zan ce matata ce."

Baba bai ce masa komai ba sai, "Na gode. Maganata tana nan."

Da ya tafi, Baba ya kira ni. Yana zaune a kan buzunsa, ya tasa kwandon goro a gaba yana yayyafa masa ruwa.

"Gaskiya ne?"

Na durƙusa na gaya masa duka. Ya daɗe yana juya goro ɗaya a hannunsa.

"Je ki kira mini shi."

Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa. Baba bai ɗaga murya ba, shi ba mai faɗa ba ne.

"Nata'ala, ni ban yi boko ba. Amma a sana'ata, in na ce wa mutum wannan kwandon naka ne, ko wa ya zo ba na ce masa ban san mai shi ba. Na ba ka ɗiyata da rana tsaka. Don me kake ɓoye ta?"

Ya fashe da kuka. Ya ce tsoro ne, ba wani abu ba. Ya ce akwai bikin da ƙungiya take yi in ɗalibai sun gama, kowa yakan kira wanda ya raka shi daga gida, ya cire hular digirinsa ya sa masa a ka, ya gaya wa jama'a ko wane ne.

"Ranar nan, Baba, a gaban kowa, a lasifika, zan ce wannan ita ce matar da zan aura. Na rantse da Allah."

"Bar rantsuwa. Allah ya kai mu."

Washegari Baba ya tafi babbar kasuwa da kansa, ya sayo mini shadda ruwan toka mai sheƙi. Ya ce in ɗinka, ita zan sa ranar.

Bai ga ranar ba. Da damina ta kama, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ranar da zai cika, da hantsi, ina ba shi koko a cokali, ya riƙe hannuna.

"Ya faɗa musu?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To," in ji shi. Ya juyar da kai bango. Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni.

*

Ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba, wata farar mota ta tsaya a ƙofar zaurenmu. Wata yarinya ta fito, fara, mai ɗan lotsawa a kumatu, tana ɗage siket saboda taɓo. Na san ta, na taɓa ganinta a taro tare da ubanta. Yasmine ce, ɗiyar Mushe Abdel, tana karatun haɗa magunguna.

Ta yi mini gaisuwar rashi. Ta ce ta ji kawunmu ya rasu. Kawu. Haka aka gaya mata.

Na ce, "Allah ya ba da lada."

Sai ta buɗe jaka ta fito da atamfa biyu. Ɗaya ta ce in ɗinka mata, ɗayar ta ɗora mini a cinya.

"Wannan taki ce. Kakata ta ce a Zongo sai an fara sayen ƙanwar miji kafin a samu mijin." Ta rufe baki tana dariya. "To ga ni na zo da wuri, kar ki tsananta mini."

Na ɗauki tef na miƙe, don kar ta ga fuskata.

"Ɗaga hannu."

Ta ɗaga. Ina auna ta tana zuba.

"Yayan nan naki akwai zurfin ciki. Papa yana sonsa kamar me, ya ce da ya karɓi digiri zai ɗauke shi aiki gaba ɗaya. Amma shi ko kallon kirki ba ya yi mini. Kunya ce ko? Nata akwai kunya. Ke da kika san shi, me ya fi so a dafa masa?"

Nata. Sunan da na yi shekaru ina riƙe da shi a ƙirji kamar ƙwai, ita har ta gutsure shi tana wasa da shi a baki.

"Ki tambaye shi," na ce.

"Kai, ƙanwar miji! Tun yanzu?"

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar ba ta da mugunta ko kaɗan. Da za ta tafi har ta rungume ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar na tsaya a bakin rijiya har ya dawo. Ya fara sa riga mai dogon hannu, biron kuma ya bar bayan kunne ya koma aljihun gaba. Na miƙa masa atamfar.

"Me ke nan?"

"Kuɗin sayen ƙanwar miji."

Fuskarsa ta canza.

"Rukayya, wallahi ban taɓa ce mata komai ba."

"Na sani. Ba ka ce mata komai ba. Ba ka ce wa ubanta komai ba. Babana ya mutu, ka ce musu kawunka ne."

"Me kike so in ce? In na ce surukina..."

"Da ka ce surukinka, da ka faɗi gaskiya."

Hawaye suka zubo mini, na kasa tare su.

"Ka san abin da ya tambaye ni da zai cika? Bai tambayi shago ba, bai tambayi 'yan'uwansa na Sokode ba. Cewa ya yi, ya faɗa musu? Na ce saura kaɗan. Da wannan ya tafi."

Ya dafa bakin rijiyar, shi ma yana kuka.

"Ke kaɗai nake so. Tun muna yara ke ce. Duk wanda ya ga digirin nan, naki ya gani. Kina tsammani na manta bayan masallaci?"

"Ban ce ka manta ba. Cewa na yi kana jin kunyata."

"Ba kunyarki nake ji ba!"

"To ta wa? A Djidjolé in an zauna a tebur, ana cin abinci da cokali mai yatsu, za ka iya cewa matata tela ce a Zongo, aji huɗu ta yi?"

Ya yi shiru. Shirun bai daɗe ba, amma na ji shi.

"Ranar Asabar," ya ce. "Na yi wa Baba rantsuwa. Ki sa shaddarki ki zo. In ban faɗa ba, kar ki ƙara kallon fuskata."

Ana jibi bikin, Inna Ma'u ta dogara sandarta ta shigo zaure. Ta daɗe ba ta shigo ba. Ta zauna a kan benci tana shafa gwiwa.

"Rukayya, ke ɗiyata ce, Allah ya sani. Abin da kika yi wa yaron nan ko wadda muka haifa ba za ta yi ba."

Na ci gaba da taka keke.

"Ki ƙara haƙuri. Kar ki sa shi ya yi maganar nan ranar Asabar. Mushe Abdel ɗin nan in ya ji a gaban jama'a, zai ga an mai da shi wawa. Aikin ya tafi ke nan. Ubansa a ƙarƙashin buhu ya mutu, Rukayya. Ba na so in ga ɗana a tasha."

"Inna, ke kika ce in ce ƙanwa."

"Ni ce. Ban san haka za ta zama ba."

"To sai yaushe zan daina zama ƙanwa?"

Ta dubi shaddar Baba da ke rataye a ƙusa, na gama ta har da aikin wuya. Ta miƙe da ƙyar ta fita.

*

Ranar Asabar da safe ɗakin taron ya cika. An yi ado da balan-balan, an kawo masu ganga. Iyaye mata na ƙabilun Mina da Kabiye da Kotokoli kowa ta ci kwalliya, wasu sun zo tun daga ƙauye da kaji a kwando. Na zauna a wurina na kullum, ƙarshen benci. Inna Ma'u tana gefena, wannan ne zuwanta na farko.

Aka fara kira. Wani ya sa wa kakarsa hula, tsohuwar ta kama rawa har hular ta faɗi. Wata ta sa wa yayanta makaniki. Sai mijin matar nan mai jariri ya hau. Yaron yanzu har yana gudu. Mijin ya ɗaga hannunta sama ya ce, "Wannan matata ce!" Ɗakin ya ɗauki ihu.



Madam Djamila ta kira sunansa.

Ya hau cikin baƙar riga mai faɗi, ya yi kyau har na ji tsoro. Ya karɓi lasifika ya ce, "Rukayya, zo."

Na taka. Shaddar tana ƙara a jikina. Na tsaya kusa da shi, na sunkuyar da kai, ina kallon takalmansa. Ni na goge su jiya na miƙa ta kan katanga.

Ya fara da Faransanci, sannan ya juya Hausa don Innarsa ta ji. Ya ce wannan ita ce ba ta taɓa fashin taro ba. Ita ta janye kekenta don ya yi karatu. Ita ta ɗaga shi ranar da ya ce ya gama. Na ce a raina, Baba, ga shi nan zai faɗa.

"Jama'a, wannan da kuke gani..."

Ya tsaya.

Na saci kallo. A layin gaba Mushe Abdel yana zaune, ya harɗe hannu yana murmushi irin na uba. Yasmine ta ɗaga waya tana ɗauka. Can baya Inna Ma'u ta dafe ƙirji da hannu biyu.

Na ji ya haɗiyi yawu. Lasifikar ta kama har wannan.

"...ƙanwata ce. Ba ni da kamarta."

Aka yi tafi. Aka buga ganga. Ya cire hular ya ɗora a kan ɗankwalina, igiyar hular tana dukan idona. Madam Djamila ta rungume ni tana cewa da kowane ɗalibi yana da ƙanwa irina da aikinsu ya yi sauƙi. Yasmine ta yi mini alama in yi murmushi.

Na yi. Hoton yana nan a wayarta, ina jin.

Ban tsaya cin abinci ba. Na ajiye hular a kan benci kusa da Inna Ma'u, na fita na tari zemijan. Ban ce ya kai ni gida ba, na ce ya bi ta maƙabarta. Mata ba sa shiga, don haka a bakin katanga na tsaya, daga inda ake hango wajen da aka sa Baba. Na yi masa addu'a na juyo.

*

Bayan la'asar ya zo. Na riga na cire shaddar na ninke, na koma kan keke. Rigar Yasmine nake ƙarasawa, don aikin da na karɓa ba na barinsa.

Ya tsaya a ƙofar zaure, inda ya tsuguna wa Baba. Idanunsa sun yi ja.

"Rukayya."

Ban daina taka keken ba.

"Na buɗe baki in faɗa, wallahi na buɗe. Sai na ga Inna. Na ga mutumin nan. Na ga tasha." Ya durƙusa. "Ki ba ni 'yan watanni. Da sun tabbatar da ni a aikin, ba wanda zai iya cire ni. Ranar zan je har gidansa in faɗa masa. Zan kama mana ɗaki a Baguida, kusa da teku, kin ce kina son jin iskar teku. Rukayya, ki dube ni."

Na dube shi. Shi ne dai, yaron da ke satar mini ƙosai. Ba abin da ya ragu na sonsa a raina, shi ya sa abin ya yi ciwo.

"Da farko ka ce sai ka samu wurin koyon aiki," na ce. "Sannan sai ka saba da su. Sannan sai ranar biki. Babana ya jira har ya gaji."

"Wannan ne na ƙarshe."

"Na ƙarshen an yi shi ɗazu. A gaban iyaye, a gaban Innarka, a lasifika. Kai ka zaɓi wurin, kai ka zaɓi ranar. Babana magana ɗaya ya yi a zauren nan, ba lasifika, ya riƙe ta har kabari. Ni ɗiyarsa ce. Abin da ka faɗa a gaban jama'a na karɓa."

"Kin san ba haka nake nufi ba! Ki zage ni, ki mare ni, amma kar ki yi mini wannan sanyin. Ce mini Mai Biro, ki yi mini tsiya kamar da."

Na cire rigar daga keke, na yanke zaren da haƙori. Na ninke ta, na haɗa da atamfar da aka saye ni da ita, na sa a leda. Na miƙe na miƙa masa da hannu biyu, yadda ƙanwa take miƙa wa na gaba da ita.

"Ga ɗinkin baƙuwarka. Ka ce mata in ya yi mata yawa a kafaɗa ta aiko a rage."

Bai karɓa ba. Yana kallon bakina, kamar ya san abin da ke zuwa.

"Kar ki faɗa," ya ce a hankali. "Don Allah, Rukayya, kar ki faɗa."

Na ajiye ledar a gabansa. Na zaci sunan zai yi mini nauyi bayan shekarun nan. Da ya zo, sai ya fito kamar na kowa.

"Ka gaida Inna, Yaya Nata'ala."